BABI NA UKU: Bukin Kamun Kifi na Argungu da Bukin Uhola na Zuru a Tarihin Zaman Musulmi da Kirista a Jihar Kebbi

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar fasaha da rabe-rabenta a wurin Bahaushe, wato kiɗa da waƙa da rawa da wasannin gargajiya da sana'o'in hannu. Wannan babi kuwa zai waiwayi tarihi ne domin a gano ko waɗannan abubuwa sun taɓa kusanta Musulmi da Kirista a wannan yanki, idan sun yi ta wace hanya, kuma ina ƙarfinsu ya tsaya. An zaɓi bukukuwa biyu domin yin wannan nazari, wato bukin kamun kifi na Argungu da bukin Uhola na ƙasar Zuru. Ya kamata a faɗa tun da farko cewa babu ɗaya daga cikinsu da aka ƙirƙira domin sasanta mabiya addinan biyu. Wannan bai hana su yin aikin ba, sai dai kowane ya yi shi ta fuska dabam, kuma bambancin da ke tsakaninsu shi ne babban abin da babin yake son fitowa da shi.

3.1 Gabar Kabi da Daular Sakkwato

Ba za a fahimci bukin Argungu ba sai an san yaƙin da ya gabace shi. Muhammadu Kanta ne ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16, ya yi babban birninsa a Surame. Daga baya fadar ta koma Birnin Kebbi, inda ta zauna har shekarar 1805, lokacin da rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci birnin. Kabawa ba su miƙa wuya gaba ɗaya ba. Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya ci gaba da yaƙi har aka kashe shi, ɗan'uwansa Karari ya kafa zamansa a Argungu, shi ma aka kashe shi a 1831. Ɗan Karari, wato Yakubu Nabame, ya yi shekaru a hannun Sakkwato, sannan a 1849 ya yi tawaye ya sake tsayar da sarautar Kabi a Argungu.

Daga wannan shekara har zuwan Turawa, kwarin Gulbin Rima ya zama fagen daga. An ɗan sami sararawa a zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, wadda tarihi ya riƙe da sunan Lafiyar Toga, daga 1867 zuwa wajen 1875, daga nan aka koma gidan jiya. Sarkin Kabi Sama'ila, wanda ya hau gado a 1883, ya yi suna wajen ƙone garuruwan Gwandu da na Sakkwato, kuma yaƙin da Sarkin Musulmi Abdurrahman ya kawo wa Argungu a farkon shekarun 1890 bai ci nasara ba.

Garin Ambursa, wanda yake kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, yana cikin garuruwan da Gwandu ta tsare iyakarta da su a wancan zamani, har wasu daga cikin sarakunan Gwandu suka zauna a cikinsa. Mai wannan bincike haifaffen Ambursa ne, kuma ya tashi yana jin tsofaffi suna yi wa mutanen Argungu ba'a, su ma suna ramawa, ana dariya. A yau wasa ne tsakanin Kabawa da Fulani, amma kakannin masu wannan wasa da kibiya suka yi shi. Nisan da mota take ci yanzu cikin ƙasa da awa ɗaya, a da mutum ba ya bin sa sai da shirin mutuwa.

Abin lura a nan shi ne, wannan gaba ta kusan shekara ɗari tana da launin addini, ko da yake sarakunan ɓangarorin biyu duk Musulmi ne. Masu jihadi suna ganin Kabawa sun gauraya Musulunci da tsafi, su kuwa Kabawa suna ganin ƙasarsu aka zo ƙwacewa. Ke nan kafin a san Kirista a wannan yanki, mutanensa sun riga sun ɗanɗana abin da ke faruwa idan aka kafirta maƙwabci.

3.2 Ziyarar 1934 da Haihuwar Bukin Zamani

Turawan Ingila sun shiga Argungu a 1902 ba tare da yaƙi ba, suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Mulkinsu ya tsayar da hare-hare, amma bai wanke zukata ba. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama. Wannan ne karo na farko da wani Sarkin Musulmi ya shigo garin a matsayin baƙo.

A nan ne fasaha ta shigo. Kabawa suna da al'adun ruwa tun kafin jihadi, kamar gyaran ruwa da fashin ruwa, waɗanda Sarkin Ruwa yake jagoranta kafin a buɗe gulbi ga masunta.  Da aka tashi karrama baƙo, sai aka nuna masa abin da Kabawa suka fi kowa iyawa, wato su. A ra'ayin mai bincike wannan zaɓi yana da hikima ƙwarai. Mai masauki ya nuna gwanintarsa ba tare da ya tsoratar da baƙo ba, baƙo kuma ya yaba ba tare da ya ƙasƙanta ba. Kowa ya tashi da girmansa.

Daga wannan ziyara ne bukin ya ɗauki siffar da aka san shi da ita. Dubban masunta suna jeruwa a bakin Matan Fada, kowa da homa da gora, idan aka ba da alama su ruga cikin ruwa, makaɗa suna bin su cikin kwale-kwale suna kiɗa da kirari. Cikin kamar awa ɗaya ake gamawa, wanda ya kamo kifi mafi nauyi, galibi giwan ruwa, shi ne zakara. Akwai kuma kabanci, wato wasannin ruwa irin su tseren kwale-kwale da nutso da kamun agwagwa da kamun kifi da hannu. A hankali aka ƙara dambe da kokawa da kaɗe-kaɗe da nunin amfanin gona. Fadar Argungu ta daɗe da makaɗa, kuma a cikinta Aliyu Ɗandawo ya yi suna kafin gidansa ya koma Yawuri, inda ɗansa Sani Ɗandawo ya gaje shi. Tsohon gidan sarautar ma an mayar da shi gidan tarihi na Kanta a 1958, inda ake ajiye makamai da tambura na zamanin yaƙi domin kallo.

3.3 Shigowar Kirista Fagen Bukin

Kiristanci bai shigo masarautun Gwandu da Argungu da wuri ba. Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, saboda haka aka taƙaita wa Turawan mishan shiga ƙasashen Musulmi. Kiristocin farko da mutanen Birnin Kebbi da Argungu suka yi hulɗa da su yawancinsu baƙi ne, wato akawuna da malaman asibiti da 'yan kasuwa daga Kudu, sai kuma sojoji da 'yan sanda daga Zuru da Filato da kudancin Zariya. Suna da unguwarsu da cocinsu, ana haɗuwa a ofis da kasuwa, da yamma kowa ya koma cikin nasa. Masallaci ba ya haɗa su da 'yan gari, coci ma haka. Bakin gulbi ne wuri ɗaya da ba a tambayar mutum addininsa kafin ya sami wurin tsayawa.

Shekarar 1970 tana da muhimmanci a wannan tarihi. A watan Janairu aka gama yaƙin basasa, kuma a bukin wannan shekara shugaban ƙasa Janar Yakubu Gowon ya zo Argungu tare da shugaban Nijar Diori Hamani. Gowon Kirista ne, ɗan mai bishara, wanda ya tashi a Wusasa kusa da Zariya, kuma yana jin Hausa sarai. Ga shi zaune tare da Sarkin Kabi Muhammadu Mera da sauran sarakuna, a bukin da aka kafa domin sulhun Musulmi da Musulmi. Tun daga lokacin gwamnati ta ƙara sa hannu, bukin ya tashi daga na Kabawa ya zama na ƙasa, aka riƙa gayyato ƙungiyoyin rawa daga jihohi dabam-dabam, 'yan kallo suna zuwa har daga Turai. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta 1991, sabuwar jihar ta ɗauke shi a matsayin abin da take tinƙaho da shi, a 2016 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake son adanawa.

Sai dai akwai abin da bai kamata a ɓoye ba. Matsayin Kirista a bukin Argungu matsayin baƙo ne. Yana kallo, yana saye da sayarwa, wani lokaci yana rawa a madadin jiharsa, amma Sarkin Ruwa da makaɗan fada da mafi yawan masunta Musulmi ne, kuma tarihin da ake tunawa nasu ne. Mai bincike ya halarci bukin 2020 yana ɗan sakandare. Kusa da shi akwai wani mutum da iyalinsa, matarsa tana saye da sarƙa mai gicciye. Da aka fito da babban kifi duk aka yi ihu tare, mutumin har ya dafa kafaɗar mai bincike domin ya hango da kyau, suka sha ruwa daga jarka ɗaya. Da aka watse kowa ya nemi motarsa, ko sunan juna ba su tambaya ba. Irin wannan haɗuwa tana rage tsoro, domin ka ga wanda ake ba ka labarinsa yana dariya irin taka. Amma kiranta fahimtar juna zai zama ƙarin gishiri.

3.4 Harshe da Waƙa

Kafin a je Zuru, yana da kyau a taɓo wata hanya da fasaha ta bi a ɓoye, wato harshen Hausa kansa. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, kuma da Hausa ake wa'azi da waƙa a yawancin coci-cocin Arewa. Duk wanda ya wuce kusa da coci a Birnin Kebbi ranar Lahadi ya ji zumuntar mata suna waƙa da tulu da ganga da caki, zai ji amshi da karin murya irin na waƙoƙin daka da na gaɗa. Kalmomin Allah da annabi da mala'ika da aljanna da zunubi duk suna cikin bakin kowane ɓangare. A fagen adabi, John Tafida na Wusasa ne ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, kuma ɗaliban Hausa Musulmi suna karanta shi ba tare da sun damu da addinin marubucin ba. Haka ma waƙoƙin Bala Miller, wanda ya fito daga gidan Kirista, an saurare su a gidajen Musulmi ta rediyo. Wannan gado ne na tarayya wanda mutane da yawa suke amfani da shi ba su lura ba.

3.5 Uhola: Bukin da Kowa ke da Rabo

A kudancin jihar labarin ya sha bamban. Masarautar Zuru ta ƙunshi Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu, kuma mafi yawan mutanenta Lelna ne, waɗanda Hausawa suke kira Dakarkari, tare da wasu ƙabilu maƙwabta. Da yake jihadi bai mamaye duwatsunsu ba, Turawa ba su hana mishan shiga ba. Tun cikin shekarun 1920 masu bishara suka fara aiki a yankin, suka buɗe makarantu da wuraren shan magani, daga aikinsu cocin UMCA ta fito, daga baya Katolika da ECWA da sauransu suka bazu. Musulunci shi ma ya yaɗu ta hanyar fatauci da sarauta da aikin soja, wanda mutanen Zuru suka yi fice a cikinsa. Sakamakon haka shi ne, a Zuru ba abin mamaki ba ne a sami gida ɗaya da wa Musulmi, ƙane Kirista, kaka kuma yana nan kan addinin gargajiya.

Uhola bukin kaka ne, na godiya bayan an kawar da amfanin gona. Yana da alaƙa da golmo, wato noman da saurayi yake yi wa gidan surukai shekara da shekaru tare da tsaransa kafin a ba shi mata. A lokacin Uhola ake nuna samarin da suka isa shiga golmo da 'yan matan da suka isa aure, a yi kokawa, a yi rawa, kowace unguwa ta fito da waƙoƙinta. Abin da ya bambanta shi da bukin Argungu shi ne, a nan babu mai masauki babu baƙo. Musulmin Zuru da Kiristan Zuru duk jikokin waɗanda suka yi golmo ne, da harshe ɗaya suke waƙar, kuma idan ɗan unguwarsu ya kayar da abokin kokawa tare suke ɗaga shi. Wata 'yar ajinmu daga yankin, Kirista, ta shaida wa mai bincike cewa a gidansu baffanta Musulmi ne yake yanka dabbar buki, ko ta Kirsimeti ce, domin kowa ya iya ci. Ba wani taron sasantawa ne ya koya musu haka ba, zaman gida ne.

Wani abin sha'awa shi ne, Uhola ta sha suka daga ɓangarorin biyu, kuma kusan da hujja ɗaya. Malaman Musulunci da yawa, musamman bayan kafuwar ƙungiyar Izala a 1978, suna ƙyamar yanka ga wanin Allah da shan giya da cakuɗuwar maza da mata. Fastoci da yawa su ma suna hana mabiyansu zuwa wuraren tsafi saboda dalilan da ba su yi nisa da waɗannan ba. Wannan matsin lamba ya sa bukin ya rabu gida biyu. Akwai na ƙauyuka, inda masu gargajiya suke riƙe da al'adun da suka gada, akwai kuma babban taron da ake yi a garin Zuru ƙarƙashin masarauta, wanda aka fi ba da ƙarfi ga rawa da kokawa da tufafin gargajiya da nunin amfanin gona. Wasu suna ganin wannan gyara ya zubar da ruhin bukin, ya mayar da shi abin nuna wa manyan baƙi. Mai bincike yana ganin akwai gaskiya a cikin wannan koke, amma da ba a yi gyaran ba, da liman da fasto ba su zauna a rumfa ɗaya ba. Wanda ya yi asara a cinikin shi ne mai addinin gargajiya, wanda aka ari bukinsa aka gina zumunci da shi, shi kuma aka tura shi gefe. Irin wannan ya faru a Argungu, inda al'adun Sarkin Ruwa suka koma bayan fage, gasar kifi ta fito gaba.

3.6 Inda Ƙarfin Fasaha ya Tsaya

Daga tsakiyar shekarun 1980 dangantakar addinan biyu ta yi tsami a Arewa. An yi cece-kuce kan shigar Nijeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi a 1986, aka yi rikicin Kafanchan a 1987 da na Zangon Kataf a 1992. A shekarar 2000 Jihar Kebbi ta bi sahun Zamfara wajen faɗaɗa shari'ar Musulunci, abin da ya faranta wa Musulmi da yawa rai, ya kuma jefa Kiristocin kudancin jihar cikin zullumi. Jihar ba ta ga irin zubar da jinin da aka gani a Kaduna da Jos ba, kuma yana da sauƙi mutum ya ce bukukuwa ne suka tsare ta. Mai bincike ba zai yi wannan iƙirari ba. Auratayya da tsoma bakin sarakuna da yadda jama'a suke zaune a ƙasa duk suna da hannu, buki ɗaya ne kawai daga cikin igiyoyin.

Hasali ma tarihi ya nuna buki ne yake dogara da zaman lafiya fiye da yadda zaman lafiya yake dogara da shi. Bayan bukin 2009 an yi kusan shekara goma ba a yi kamun kifi a Argungu ba, saboda matsalar tsaro a Arewa da kuma janyewar ruwa, wato a daidai lokacin da aka fi bukatar wurin haɗuwa sai aka rufe shi. An dawo da shi a watan Maris na 2020, shugaba Muhammadu Buhari ya halarta, kifin da ya ci gasa ya kai kilo 78. A ƙasar Zuru da Yawuri kuwa 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da yawa, a watan Yuni na 2021 suka kwashe ɗalibai daga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri, Musulmi da Kirista ba su zaɓa ba. Ƙauyen da aka watse ba ya yin golmo, balle Uhola. Sannan a watan Mayu na 2022 aka kashe wata ɗaliba Kirista a kwalejin ilimi ta Sakkwato bisa zargin ɓatanci ga Annabi (SAW). Ita da waɗanda suka kashe ta Hausa ɗaya suke ji, aji ɗaya suke zama, kuma wannan bai tsare ta ba.

A wasu wurare an yi amfani da fasaha da gangan domin sulhu. Misali mafi shahara shi ne na Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye na Kaduna, waɗanda suka yaƙi juna a 1992, suka sasanta a 1995, aka yi fim kan labarinsu a 2006 wanda aka nuna a ƙasashe da dama. Ƙarfin wannan fim shi ne ya ambaci ciwon da sunansa, domin ɗayansu ya rasa hannu, ɗayan ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa. Bukukuwan Kebbi ba sa yin haka. Suna haɗa mutane ne ta hanyar ajiye zancen addini a bakin ƙofa, kuma idan aka fito kowa yakan tarar da nasa inda ya bar shi. Ziyarar 1934 ta yi tasiri ne domin sarakunan biyu sun san abin da ya shiga tsakanin kakanninsu, sun kuma zo da niyyar rufe shi, kamun kifin hatimi ne a kan shawarar da aka riga aka yanke.

Babi na gaba zai ɗauki waƙoƙin da ake yi a waɗannan bukukuwa biyu da na zumuntar mata a Birnin Kebbi, a nazarci jigoginsu da salonsu, a ga yadda kowane ɓangare yake ambaton ɗan'uwansa a cikinsu, da kuma wuraren da ake yin shiru a kansa.